Jirgi Mai Tozo: Tarihin Boeing 747 da Lissafin da Ke Riƙe Shi a Sama

Idan jirgin Boeing 747-400 ya sha mai ya ƙoshi, aka cika shi da fasinja da kaya, nauyinsa yakan kusa tan 400. Injinansa huɗu kuwa, ko an sakar musu wuta gaba ɗaya, ƙarfin turawarsu a haɗe bai wuce tan 110 da 'yan kai ba. Da za a tsayar da jirgin a kan wutsiyarsa a ce injinan su ɗaga shi, ko gezau ba zai yi ba. Aikin inji shi ne ya tura jirgi gaba. Fikafikai ne ke ɗaukar nauyi, su ma da iska suka dogara. Tun daga ranar da aka fara tunanin ƙera babban jirgin fasinja, ciniki ake ta yi tsakanin nauyi da iska da mai da tsawon titin tashi, kuma mai yanke farashi a cinikin yana zaune a ofis da alƙalami, yana lissafin nawa kujera ɗaya za ta ci daga wannan birni zuwa wancan.

Wanda ya taɓa ɗauko fallen kwano a ka ranar da ake iska ya san rabin sirrin fiffike. Da zarar gaban fallen ya ɗan ɗaga, iska za ta nemi fizge shi sama. Fiffiken jirgi ma a ɗan karkace yake fuskantar iska, ga bayansa a lanƙwashe. Iskar da ta bi ta kansa da wadda ta bi ta ƙarƙashinsa duk yana karkatar da su ƙasa, matsin da ke samansa ya ragu, na ƙasansa ya ƙaru, sai fiffiken ya samu abin da ke tallabe shi. Wannan ƙarfi da gudu yake tafiya, kuma ba daidai wa daida ba: in gudu ya ninka sau biyu, ɗagawa ta ninka sau huɗu. Shi ya sa jirgi mai tan ɗaruruwa yake kwance lakadan a farkon titi, amma da ya kai wajen kilomita 300 a awa, matuƙi ya ɗan ɗaga masa hanci, sai ƙasa ta sake shi.

Matsalar da ta daɗe tana ci wa injiniyoyi tuwo a ƙwarya ita ce gudu mai yawa. Iskar da ke bin saman fiffike ta fi jirgin kansa sauri, don haka tun jirgi bai kai gudun sauti ba, ita ta riga ta kai, sai ta rikice, jirgi ya kama karkarwa yana ja da baya. Wani masani Bajamushe, Adolf Busemann, ya kawo magani tun 1935 a wani taro a birnin Rum: a kwantar da fikafikan su yi baya. Ba a ɗauki maganar da muhimmanci a wajen Jamus ba sai a 1945, lokacin da wani injiniyan Boeing, George Schairer, ya bi ayarin masanan Amurka zuwa wata cibiyar bincike da Jamusawa suka ɓoye a daji kusa da Braunschweig, ya ga sakamakon gwaje-gwajensu, ya aika wa abokan aikinsa a Seattle takarda su sake zanen jirgin yaƙin da suke kai. Jirgin nan, B-47, ya tashi a ƙarshen 1947 da fikafikai kwance baya da injina rataye a ƙarƙashinsu. Dubi kowane babban jirgin fasinja a yau, wannan siffa za ka gani.

Amma Ingila ce ta riga kowa sa fasinja a jirgin jet. Ranar 2 ga Mayun 1952 jirgin Comet na kamfanin de Havilland ya tashi daga Landan zuwa Johannesburg da kujeru 36. Shekara biyu ba ta cika ba murna ta koma ciki. A Janairun 1954 wani Comet ya tarwatse a sama kusa da tsibirin Elba, a Afrilu wani ya bi shi kusa da Naples, dukkansu jim kaɗan bayan tashi daga Rum. Abin da masu bincike suka yi a Farnborough ya zama darasi ga duk mai ƙera jirgi. Sun tsoma gangar jikin Comet guda a cikin wani ƙaton tanki, suna ɗura mata ruwa suna ragewa, sau dubbai, har ta tsage daga kusurwar wata kafa. Dalilin shi ne jirgin jet yana tafiya a nisan kilomita 10 zuwa 12 daga ƙasa, inda kaurin iska bai kai sulusin na ƙasa ba, sanyi kuma ya wuce digiri 50 ƙasa da sifiri. Can ne tafiya ta fi sauƙi, mai ya fi auki, amma ɗan Adam ba zai rayu ba sai an ɗura iska a cikin jirgin an matse ta. Kowace tashi jikin jirgi yana ɗan kumbura, kowace sauka yana sacewa, ƙarfe kuma yana gajiya. Daga Comet aka koyi a zagaye kusurwar tagogi, a kuma ƙera jiki ta yadda in tsaga ta fara ba za ta yi nisa ba.

Boeing ya ci moriyar wannan darasi. Jirginsa 707 ya fara aiki da kamfanin Pan Am tsakanin New York da Faris a Oktoban 1958, ya rage tafiyar kusan da rabi, mutane suka yi ta tururuwa. Kafin tsakiyar shekarun 1960 filayen jirage sun cika maƙil. Shugaban Pan Am, Juan Trippe, mutum ne da ya yi imani cewa in tikiti ya yi araha talaka ma zai hau jirgi, kuma ya san hanya ɗaya ce tikiti zai yi araha: a raba kuɗin matuƙa da na mai da na sauka a kan mutane da yawa. Ya nemi shugaban Boeing, Bill Allen, ya ƙera masa jirgin da ya ninka 707 fiye da sau biyu. A Afrilun 1966 Pan Am ya sa hannu zai sayi guda 25 a kan dala miliyan 525, alhali ba jirgin, ba injinsa, ba ma masana'antar da za ta iya ɗaukarsa.

An damƙa aikin a hannun wani injiniya ɗan Seattle mai suna Joe Sutter, kuma gaskiyar magana ba shi ne aikin da ake rububi a kamfanin ba. A lokacin kowa ya ɗauka zamanin jiragen da suka fi sauti gudu ya iso. Ingila da Faransa suna ƙera Concorde, Boeing ma yana da nasa, 2707, da kuɗin gwamnati, kuma can aka tura yawancin gwanaye. Tunanin da ake yi shi ne 747 zai ɗan ɗauki fasinja na wasu shekaru, sannan a mayar da shi ɗan dako. Wannan raini shi ya ba jirgin siffarsa. Trippe bene yake so, hawa biyu tun daga hanci har wutsiya. Sutter da mutanensa suka ƙi. Hujjarsu ita ce doka ta ce a iya fitar da kowa cikin daƙiƙa 90 in hatsari ya faru, kuma sauko da ɗaruruwan mutane daga hawa na biyu cikin wannan lokaci ba wasa ba ne. Ga kuma batun kaya: in jirgin zai koma dako, gara cikinsa ya yi faɗin da kwantena biyu za su zauna kafaɗa da kafaɗa. Sai suka zana ɗaki guda mai faɗin mita 6, da hanyar wucewa biyu, abin da ba a taɓa gani ba. Don a iya buɗe hancin jirgin a tura kaya kai tsaye, suka ɗauke ɗakin matuƙa suka ɗora shi a sama, suka ja rufinsa baya don iska ta wuce sumul. Tozon da duniya ta san 747 da shi ke nan. Wurin da ya rage a bayan matuƙa Pan Am ya mayar da shi falon shaƙatawa na masu tikitin alfarma.

Inji ne ya kusa kashe aikin. Injinan jet na farko duk iskar da suka zuƙa sai ta bi ta cikin wuta ta fito da mugun gudu. Suna da ƙara, suna da shan mai. Lissafi ya nuna cewa tura iska mai yawa a hankali ya fi tura 'yar kaɗan da ƙarfi riba. Don haka aka ɗora ƙatuwar fanka a gaban inji, wutar da ke ciki ta riƙa juya ta, mafi yawan iskar ta zagaye ta gefe ba tare da ta taɓa wuta ba. Sojan Amurka ne suka fara neman irin wannan inji don jirgin dakonsu C-5. A wannan gasa ta 1965 Boeing ya sha kaye a hannun Lockheed, Pratt & Whitney kuma ya sha kaye a hannun General Electric, sai waɗanda aka kayar biyu suka haɗu a kan 747. Injin da Pratt & Whitney ya ƙera, JT9D, fankarsa ta kusa mita biyu da rabi, kuma duk kashi ɗaya na iska da ya shiga wuta, kashi biyar ne ke bi ta gefe. A takarda abin ya yi kyau. A aikace kuwa jirgin ya yi ta ƙara nauyi ana ta matsa wa injin ya ƙara ƙarfi, har aka gano cewa in an sakar masa wuta kwanson jikinsa yana lanƙwasa ya daina zama da'ira, fikafikan ciki su riƙa gugar bango. An kai lokacin da jirage gommai suka yi layi a harabar masana'anta an gama su tsaf, an rataya musu tubalan kankare a gurbin injina don kada su kifa ta baya.

Masana'antar kanta labari ce. An sare daji a Everett, arewa da Seattle, aka gina rumfar da har yau ake lissafa ta a matsayin ginin da ya fi kowane girman ciki a duniya, ma'aikata suna haɗa jirgi ana kan yi musu rufi. Bashin da Boeing ya ciyo daga bankuna ya haura dala biliyan ɗaya. An fito da jirgin farko bainar jama'a ranar 30 ga Satumban 1968, ya tashi ranar 9 ga Fabrairun 1969, Jack Waddell na tuƙi, Brien Wygle na taya shi, Jess Wallick na kula da injina. Tun kafin ranar, Waddell ya sa an kafa masa kwaikwayon ɗakin matuƙa a kan dogayen ƙarafa bisa babbar mota, yana yawo da ita a fili, don ya saba da juya abin hawa daga tsayin bene mai hawa uku.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a ƙirar 747 shi ne yadda aka sa fiffike ɗaya ya yi aiki biyu masu gaba da juna. An kwantar da shi baya digiri 37 da rabi, fiye da na sauran jiragen fasinja na zamaninsa, don ya yi gudun kilomita 900 a awa. Irin wannan fiffike ba ya son tafiyar hawainiya, ga shi Pan Am ya ce dole jirgin ya sauka a titunan da 707 ke sauka. Sai aka ɓoye wasu fallaye a gaban fiffiken da bayansa. Wanda ya zauna kusa da taga lokacin sauka ya ga yadda suke zamewa suna fitowa hawa uku, fiffike ya ƙara faɗi ya ƙara lanƙwasa, har ana hango ƙasa ta tsakaninsu. Da su jirgi ke iya rage gudu zuwa ƙasa da sulusin na sama bai faɗo ba. Aka ba shi ƙafafu biyar da tayoyi 18 don nauyinsa ya bazu kada ya fasa kwalta. Aka kuma yi masa layuka huɗu na man da ke motsa fikafikai da wutsiya, kowanne da kansa, don in ɗaya ya mutu saura su riƙe.

Ranar fara aiki ma inji bai bar su sun huta ba. An shirya tashi daga New York zuwa Landan da yammacin 21 ga Janairun 1970, fasinja sun zauna, sai inji ɗaya ya yi zafi fiye da kima. Aka sauke su aka kawo wani jirgin, bai tashi ba sai bayan tsakar dare, ranar 22 ga wata. Shekarun da suka biyo baya sun yi wa Boeing tsanani. Tattalin arzikin Amurka ya ja baya, majalisa ta yanke kuɗin 2707 a 1971, kamfanin ya sallami fiye da rabin ma'aikatansa. A 1973 farashin mai ya yi tashin gwauron zabo. Kamfanonin cikin gida na Amurka da suka sayi 747 don kada a bar su a baya suka rasa fasinjan cika shi, wasu har suka cire kujeru suka sa fiyano. Nan lissafin Trippe ya nuna ɗaya fuskarsa: babban jirgi a cike ya fi kowane araha, a rabin ciki ya fi kowane cin kuɗi. Waɗanda suka ci ribarsa su ne masu doguwar tafiya ta ƙetare teku, irin su Japan Airlines da British Airways da Qantas da Singapore Airlines da Lufthansa. Concorde kuwa, wanda aka ce zai tura shi dako, guda 20 kacal aka ƙera.

Hatsarurrukan da suka fi muni a tarihin jiragen sama sun faɗa kan 747, saboda yawan mutanen da yake ɗauka. Ranar 27 ga Maris 1977, a tsibirin Tenerife, jirgin KLM ya fara gudun tashi cikin hazo mai kauri ba tare da cikakken izini ba, alhali na Pan Am yana kan titin. Matuƙin KLM ya yi ƙoƙarin tsallake shi, amma bai kai gudun tashi ba, ga shi bai daɗe da shan mai mai yawa ba. Mutum 583 suka mutu. Jirgin Pan Am ɗin shi ne wanda aka kawo ya maye gurbi a daren fara aikin 747 a 1970. Bayan wannan aka tsaurara kalmomin da matuƙa da hasumiya ke amfani da su a rediyo, aka kuma fara koya wa mataimaki ya buɗe baki ya ƙalubalanci kyaftin in ya ga kuskure. A Agustan 1985 kuma gajiyar ƙarfe ta sake nuna kanta a Japan. Bangon da ke riƙe matsin iska a bayan wani 747 an taɓa gyara shi a 1978, aka haɗa shi da layin ƙusa ɗaya inda ya kamata a yi biyu. Bayan shekara bakwai ya fashe, ya tafi da yawancin wutsiya, ya yanke layukan mai huɗun nan a daidai inda suka haɗu. Matuƙan sun yi fiye da rabin awa suna sarrafa jirgin da ƙarfin injina kaɗai kafin ya daki dutse. Mutum 520 suka rasu, huɗu suka tsira.

Akwai kuma ranar da fiffike ya nuna abin da zai iya shi kaɗai. A daren 24 ga Yunin 1982 wani 747 na British Airways da ya taso daga Kuala Lumpur zuwa Perth ya shiga tokar dutsen Galunggung mai aman wuta a Indunusiya, injina huɗu suka mutu ɗaya bayan ɗaya daga nisan ƙafa 37,000. Jirgin bai faɗo ba. Irinsa, ko ba inji, yana iya tafiyar kilomita 15 gaba a duk kilomita ɗaya da ya sauko. Kyaftin Eric Moody da mutanensa suka yi ta zamewa a hankali na tsawon mintuna, suna ta gwada tayar da injina, har suka fita daga tokar, narkakkiyar tokar da ta daskare a ciki ta ɓanɓare, injinan suka kama. Suka sauka a Jakarta da gilashin gaba da toka ta kankare har ba a gani sosai, ba wanda ya rasa ransa.

Mu a nan, ta hanyar aikin hajji muka san babban jirgi. Kakanninmu da ƙafa da jaki da raƙumi suke bi ta Barno da Wadai da Darfur har bakin Bahar Maliya, tafiyar da kan ci shekaru, da yawa ma suka yada zango a Sudan, jikokinsu na can har yau. Jiragen farko da suka sauka Kano, guda uku na sojan saman Ingila da suka taso daga Masar a 1925, kusan wannan hanya suka biyo ta sama, a juye. Daga baya Kano ta zama mashayar mai ga jiragen Turai masu ƙetare Sahara, saboda jiragen lokacin ba sa iya dogon zango. Da jet ya zo, tafiyar Jidda ta koma ta awa huɗu zuwa biyar, da 747 ya zo kuma ya zama ana kwashe maniyyata fiye da 400 a sawu ɗaya. Kabo Air na Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo a Kano, da Max Air na Alhaji Ɗahiru Barau Mangal na Katsina, duk da tsofaffin 747 da suka sayo daga manyan kamfanonin duniya suka yi suna a jigilar alhazai. Ƙasar da aka taɓa ba kujera 95,000 a shekara, a ce kuma a kwashe su cikin 'yan makonni, ƙaramin jirgi ba zai fisshe ta ba.

Alhajin da ake taƙaddama da shi a wurin awon kaya yakan ɗauka mugunta ce ko neman kuɗi. Wani lokaci akwai neman kuɗin, amma akwai lissafin da ba ya jin roƙo. Iska mai zafi ba ta da kauri. A rana irin ta Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, ko tsakar rana a Jidda, zafi ya haura digiri 40, fiffike na samun ƙarancin abin da zai taka, inji ma na zuƙar ƙarancin iska, don haka jirgi na buƙatar ƙarin gudu da ƙarin titi. Titi kuwa ba ya miƙewa. Kafin kowace tashi matuƙa suna haɗa nauyin jirgi da zafin gari da tsayin wurin daga teku da inda iska ke kaɗawa, su fitar da wani gudu na yanke shawara. In inji ya mutu kafin a kai wannan gudu, a taka birki, titin da ya rage zai isa a tsaya. In an wuce shi, dole a tashi da sauran injinan. Nauyi in ya yi yawa, lissafin ba zai fita ba, sai a rage kaya ko mai ko mutane, ko a jira dare ya yi sanyi. Haka kuma nauyin da jirgi ke tashi da shi ya fi wanda zai iya sauka da shi da kusan tan 100 a 747-400, shi ya sa in matsala ta taso bayan tashi sai ya yi ta shawagi yana zubar da mai kafin ya dawo.

Mun biya farashin wannan ilimi da rayuka, ko da yake ba a 747 ba. Ranar 22 ga Janairun 1973 wani 707 na kamfanin Jodan da Nigeria Airways ya yi haya, ɗauke da alhazai daga Jidda zuwa Legas, ya karkato Kano saboda rashin kyan yanayi a Legas. Ya sauka cikin iska mai ƙarfi, ƙafarsa ta karye, ya kauce daga titi ya kama wuta. Mutum 176 suka rasu cikin 202. Ranar 11 ga Yulin 1991 kuma wani DC-8 na kamfanin Nationair na Kanada ya taso daga Jidda zai kai alhazai Sakkwato. Bincike ya gano cewa wasu tayoyinsa ba su da isasshiyar iska, an kuma san da haka kafin tashi, amma gudun jinkiri ya sa aka bar su. Taya mai ƙarancin iska tana jibga wa 'yar uwarta nauyi. Biyu suka fashe a gudun tashi, ƙarfen ya yi ta gugar kwalta har wuta ta kama, matuƙa ba su sani ba suka naɗe ƙafafun da wutar zuwa cikin jirgi. Sun juyo za su sauka, ba su kai titi ba. Duka mutum 261 suka rasu. In ana maganar ƙarfin babban jirgi hankali kan tafi ga inji da fiffike, alhali a minti na farko da na ƙarshe duk nauyin a kan roba yake.

Samfurin da ya fi kowane karɓuwa, 747-400, ya fara aiki a 1989. Kwamfuta ta karɓi aikin injiniyan cikin jirgi, matuƙa suka koma biyu, aka ƙara tsawon fikafikai zuwa mita 64 aka tanƙwara bakinsu sama don rage jan iska, tankunansa na ɗaukar lita fiye da 200,000. A Agustan shekarar wani na Qantas ya tashi daga Landan bai tsaya ba sai Sidni, awa 20 da 'yan mintuna, ko da yake kusan ba kowa a ciki. A irin wannan doguwar tafiya jirgi na ƙone wajen tan 10 na mai a kowace awa, yana sauƙi yana ƙara hawa sama mataki-mataki, inda iska ta fi siranta. A Mayun 1991 wani 747 na El Al da aka cire wa kujeru ya kwaso Yahudawan Habasha fiye da 1,000 daga Adis Ababa a tashi ɗaya, adadin da ba a sake kaiwa ba.

Amma tun kafin wannan samfuri ya fito, abin da zai kawar da shi ya riga ya tsiro. Tun 1953 dokar Amurka ta hana jirgi mai inji biyu yin nisan da ya wuce tafiyar minti 60 daga filin da zai iya sauka, don injinan fistan na lokacin ba abin yarda ba ne. Wannan doka ce ta bar manyan tekuna a hannun masu inji uku da huɗu. Da injinan jet suka nuna suna iya aiki shekaru ba su mutu a sama ba, aka sassauta zuwa minti 120 a 1985, sannan 180 a 1988. Boeing da kansa ya fito da 777 a 1995, kuma samfurinsa na 2004 yana ɗaukar fasinja kusan kamar 747 da inji biyu kacal, kowanne da fankar da ta haura mita uku. Inji biyu sun fi huɗu sauƙin mai da sauƙin gyara. Fasinja ma sun fi son jirgi matsakaici da zai kai su garinsu kai tsaye a kan ƙato da zai zube su a Landan ko Frankfurt su jira wani.

Kamfanin Airbus ya yi caca a kan akasin haka. A380, benen da Trippe ya so tun farko, ya tashi a Afrilun 2005, ya fara aiki da Singapore Airlines a 2007, nauyinsa na kai tan 575. Fasinja sun so shi, masu lissafi ba su so shi ba, in ka cire Emirates da ya sayi kusan rabinsu. An rufe ƙera shi a 2021 bayan an miƙa wa masu saye guda 251. Da annobar korona ta tsayar da zirga-zirga a 2020, British Airways da KLM da Qantas suka sallami 747 ɗinsu na fasinja gaba ɗaya. Lufthansa da Korean Air da Air China ne suka ci gaba da ɗaukar mutane a sabon samfurin 747-8, mai tsawon mita 76.

Joe Sutter ya rasu a 2016 yana da shekara 95, ana kan ƙera jirginsa. A380 bai samu rayuwa ta biyu a dako ba, don benensa bai dace da manyan kaya ba, hancinsa kuma ba ya buɗewa. Na 747 yana buɗewa, kuma odar masu dakon kaya ce ta riƙe layin Everett a shekarunsa na ƙarshe. Jirgi na 1,574, wanda daga shi aka rufe, an miƙa shi ga kamfanin dako na Atlas Air ranar 31 ga Janairun 2023.